Tuban Malam Rage-Mini

A kasuwar Sabon Gari ta Zariya ba kowa ya san sunana na yanka ba. Masu kayan miya "Malam Rage-Mini" suke ce mini, ban kuma taɓa jin haushi ba, don suna ne da na yi gumi kafin in samu. Shekara 15 ke nan ina koyarwa a sakandare, albashin malami kuwa sai an ja shi kamar ƙirgi kafin ya rufe wata. Saboda haka na mai da taya sana'a. Na iya ɗaga tattasai in juya shi in yi tsaki kamar na ga tsutsa. Na iya tafiyar ƙarya, wadda mutum zai yi taku uku yana baza kunne, yana jiran a ce, "Dawo, kawo kuɗin." In an sallama mini ba na gusawa sai an yi gyara, in an yi gyaran in ce hannun mai gyaran ƙarami ne. Uwargida ta daina zuwa cefane tun shekarar da muka yi aure. Ta ce kunyar tsayawa kusa da ni take ji, amma kunyar ba ta taɓa hana ta yaba cikar jakar da nake dawowa da ita ba.

A ƙarshen Fabrairun 2019 aka tura mu mu uku Ingila, ziyarar zumunci ta mako uku ga wata majami'a da ke hulɗa da tamu. Cikin masu kula da zumuntar matasa ni aka ɗauka, ina kyautata zaton don fasfona ne kaɗai wa'adinsa bai ƙare ba. Lahadin farko da aka tashi sujada, sai na hangi tebur a bayan majami'a, wata tsohuwar Baturiya tana sayar da ganyen shayi da kofi da cakulan. Na ɗauki sandar cakulan guda, na duba farashi, na juya shi zuwa naira a zuci, gabana ya faɗi. Hali zanen dutse. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya taya rabi.

Tsohuwa ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba. Na ajiye cakulan, na yi ɗan tsakina, na kama tafiyar ƙarya. Taku uku, shiru. Taku bakwai, shiru. Har na kai ƙofa na fita, iskar waje ta mare ni, na tsaya ina rawar ɗari ba wanda ya kira ni. Da ƙafata na dawo.

Ita kuwa ta zuba mini shayi, ta ja mini kujera. Ta nuna mini wani ɗan tambari a jikin takardar, shuɗi da kore, da siffar mutum ya ɗaga hannu, an rubuta Fairtrade. Ta ce na zo ne a cikin makonni biyun da majami'u da makarantun ƙasar ke keɓewa kowace shekara don wannan magana, wato cinikin adalci. Kokon da aka yi cakulan ɗin, in ji ta, daga Gana ya fito, daga wata ƙungiyar manoma mai suna Kuapa Kokoo da aka kafa a 1993, hedkwatarta na Kumasi. Kamfanin Divine da ke yin cakulan ɗin tun 1998, a lokacin manoman nan su ke da fiye da kashi 40 cikin 100 nasa. Akwai farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba komai faɗuwar kasuwar duniya, a lokacin dala 2,000 kowane tan, kuma a watan Oktoban 2019 za a ɗaga shi zuwa 2,400. Bayan wannan a lokacin akwai ƙarin dala 200 a kan kowane tan, wanda ƙungiyar manoman ce ke zama ta yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya ko ajin makaranta. Sannan ta tambaye ni, cikin murya mai taushi irin ta kaka, "Rabin da kake so in rage maka, daga aljihun wa zan cire?"

Sanda uku na saya, ban ce ƙala ba. Na dawo gida da cakulan uku, da damin ƙasidu, da zafin sabon tuba, irin wanda ke sa mutum ya fi fasto yawan wa'azi.

Ban yi mako biyu da dawowa ba na kira taro. Na haɗa matasan majami'armu da 'yan ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu, abokin aikina malamin addinin Musulunci ya zo da nasa ɗaliban, muka cika aji, mutum 43. Ranar Asabar ce, ƙarfe biyu na rana, ƙarshen Maris, rufin kwano, kuma an ɗauke wuta. Na jera cakulan uku a kan tebur don su zama shaida, na gyara murya na ce yau za mu yi magana a kan wahalar manoman koko.

Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, koko noma shi ake yi? Mu a gidanmu damawa ake yi."

Sai da muka ɓata minti goma kafin a raba kokon Gana da kokon ƙosai. Daga nan na shiga tarihi, ban tsallake ko shekara ɗaya ba. Na ba su labarin Edna Ruth Byler, 'yar ɗarikar Menonayit a Amurka, wadda a 1946 ta fara sayar da ɗinkin hannu na matan Fotoriko daga bayan motarta. Na kawo su Holan, inda a 1988 aka fito da tambarin Max Havelaar a kan kofin manoman Meziko, da hannun wani limamin coci, Frans van der Hoff, wanda ke zaune cikin manoman. Na kai su Bon ta Jamus, inda ƙungiyoyin tambarin suka haɗe a 1997. Na ce Gana da Kwaddibuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma da yawa cikin manomansa ba su taɓa ɗanɗana cakulan ba. Na buga tebur na ce Annabi Amos tun zamaninsa ya tsawata wa masu rage mudu su ƙara farashi. Abokin aikina ya karɓe, ya ce a Alƙur'ani sura guda aka yi a kan masu tauye mudu, Suratul Muɗaffifin, kuma abin lura shi ne mutanen da ake zargi in su ne masu saye sai an cika musu har ya zuba. Da ya zo nan sai ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa kai da ƙarfi, ina tuna wani mai shago a layinmu. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Awa ɗaya da rabi ina zuba, yaran nan ba wanda ya yi motsi. Na ɗauka iya maganata ce. Ashe cakulan suke kallo yana mutuwa a hankali. Da na zo rabawa na ɗaga ta farko, sai ta lanƙwashe a hannuna kamar ɗanyar fata, ta tsiyaye a kan ƙasiduna. Da cokalin shayi aka raba, mutum 43, kowa ya lasa ya miƙa wa na kusa. Wata ta ce kamar kunun gyaɗa da ya ƙone.

Ma'ajiyar zumuntarmu yarinya ce 'yar aji shida, ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki sai mutum ya nemi wurin zama. Ta ce, "Malam, to a ina za mu riƙa sayen mai tambarin nan a Zariya?" Na ce ban ga inda ake sayarwa ba tukuna. Ta ce nawa ne guda? Na faɗa. Ta ce ai ya fi kuɗin mudun shinkafa. Ta ce, "Ke nan mu adalcinmu sai mun je Ingila?" Na ce lokaci ya ƙure, a tashi a yi addu'ar rufewa.

Asabar ta gaba na shiga kasuwa kamar yadda na saba. Akwai wata tsohuwa da nake sayen daddawa da kuka a wurinta shekara da shekaru, kowa Iya yake ce mata. Wanda ya san daddawa ya san ba aikin wasa ba ne: a roro ɗorawa, a cire kalwa, a dafa ta yini guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta yi, sannan a daka a mulmula. Na san duk wannan, uwata ta yi. Amma na tsuguna na shinshina na ce ta bana ba ta yi ƙamshi ba, na taya abin da ko itacen dafuwar ba zai saya ba. Iya ta ce albarka. Na miƙe na yi taku uku, sai na yi kiciɓis da ma'aji da ƙawayenta biyu, sun zo cefanen gida, ashe tun ɗazu suna bayana.

"Ina wuni, Malam. Wannan shi ne na aikace ɗin?"

Iya ta ce, "Au, malaminku ne? Allah ya ba ku haƙuri, 'ya'yana. Ni in na hango hularsa daga layin masu albasa, salati nake farawa."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na yanke shawara daga ranar na bar taya har abada. Da mako ya zagayo na koma wurin Iya, na tambayi kuɗin daddawa, ta faɗi farashin farko, wanda ni da ita duk mun san na buɗe baki ne. Na zaro kuɗi na biya, na ɗora mata ƙari a kai, na ce hakkin guminta ne. Iya ba ta taɓa kuɗin ba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, lafiya? Asibiti ka je suka gaya maka wani abu?"

Na ce lafiyata lau. Ta ce to in dai ba ciwon ajali ba ne, in kwashe kuɗina, ita ba ta karɓar kuɗin da ba ta san abin da aka karanta a kansa ba. Mai kuɓewa da ke gefenta ta matsa da tirenta. Sai da na rantse, na kawo mai nama ya shaide ni, sannan ta karɓi kuɗin daddawarta daidai, ta turo mini ƙarin da bakin ludayi. Kafin in fita kasuwa labari ya riga ni: Malam Rage-Mini ya samu taɓuwa. Ranar mai tattasai ya sayar mini da kashi ɗaya a kuɗin kashi uku, yana ta yi mini addu'ar samun sauƙi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ga matsalar ƙaramin aiki na ɗauko. A ƙasidun da cakulan bai shafe ba na karanta yadda 'yan tsakiya ke cinye ribar manomi, na ce to ga abokin gaba, dillali. Lokacin tumatirin rani ne, ya cika ko'ina har ana shanya shi a bakin titi. Na tara matasa na ce za mu je gona da kanmu, mu saya daga hannun manomi da daraja, mu kawo majami'a mu sayar, ba dillali ba la'ada. Aka yi karo-karo, aka ƙara da kuɗin asusun zumunci da ake tarawa don sayen sababbin ganguna. Ma'aji ta ce in sa hannu a littafi cewa ni na karɓa. Na sa, har da ƙawata sa hannun.

Motar ɗaukar kaya ni na je na yi cinikinta, kuma a nan tuban ya ɗan yi hutu. Na matse direban har ya ce, "Malam, a wannan kuɗin sai dai in kawo ƙaramar." Na ce ya kawo. Ya kawo wata a-kori-kura da ake ɗaure ƙofarta da igiya.

Muka isa wani ƙauye a fadamar kogin Galma da hantsi. Manomin da aka haɗa mu da shi dattijo ne, ya karɓe mu da fara'a. Can gindin mangwaro wani mutum na zaune a kan benci yana cin goro, aka ce shi ne dillalin da ke kwasar tumatirin yankin yana lodawa zuwa kasuwar Mil 12 ta Legas. Na nuna wa yara shi da haɓa, na ce su kalle shi da kyau. Na tambayi farashin ranar, na ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, na ce kwando 20 muke so, kuma mu za mu zaɓa. Muka bi kunya-kunya muna tsinko jajaye, waɗanda suka nuna luguf, abin sha'awa. Dillali ya taso ya leƙa kwandunanmu ya ce, "Malam, ja ba ya tafiya. Mai sauran kore ake ɗauka, ya ƙarasa nuna a hanya." Na juya na ce wa yara da Turanci, kun ji ko, so yake ya karya mana gwiwa.

Na ƙirga kuɗi na damƙa wa manomi, na sa aka ɗauke mu hoto. Ya yi godiya, ya sa albarka, sannan a gaban idona ya taka zuwa gindin mangwaro ya ƙirga fiye da rabi ya miƙa wa dillali. Na bi shi na ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce bashi ne, ɗana. Takin da ya zuba, da man injin ban ruwa, da maganin feshi, duk mutumin nan ya ba shi tun farkon rani. Ya ce a 2016 da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, bai tsinki kwando ɗaya ba, kuma mutumin nan ya jira shi shekara guda. Ban ce dillali waliyyi ba ne. Shi ke yanka farashi, don ya san tumatir ba ya jiran gobe, kuma wanda ake bi bashi ba ya ɗaga murya. Amma ni da na zo ceto, kuɗin gangunanmu na kawo masa har gindin mangwaro, ko tashi bai yi ba.

Komawa gida kuwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta cinye mana biyar. Sau uku ana tare mu da sanda mai ƙusoshi ana yanka mana rasit na harajin da ban taɓa jin sunansa ba. Taya ta fashe, direba ya ce a kuɗin da na biya babu safaya. Muka zauna a rana, kwanduna a kan kwanduna, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan mota kamar an yanka rago. Mun shigo gari bayan magariba.

Ranar Lahadi na shirya tebur a bayan majami'a, irin na tsohuwar Ingila. Wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na tuna abin da Yesu ya yi da teburan masu ciniki a Haikali. Muka kwashe zuwa bakin ƙofa. Aka tashi sujada, matan zumunci suka kewaye mu, su da suka fi kowa cewa amin ranar da na yi sanarwa. Na yi musu bayani cewa farashinmu ya ɗara na kasuwa kaɗan saboda manomi. Wata ta ɗaga tumatir, ta juya shi, ta yi tsaki. Na san tsakin nan, nawa ne. Wata ta ce a rubuta, ƙarshen wata. Sai ga uwargida, mai kunyar ciniki. Ta taya rabi, na ce albarka, ta juya ta yi taku uku tana gyara ɗankwali. Na dubi kwanduna, na dubi ƙudajen da suka fara taruwa, na ji muryata tana cewa, "Dawo, kawo kuɗin." Ta dawo, ta ce saura gyara.

Kwando bakwai muka sayar. Ranar Litinin wari ya kai ofishin fasto. Iya mai daddawa ce ta cece mu, da labari ya kai mata ta aiko a ce wa malamin nan ya yanka abin da ya rage ya shanya. Kwana biyu matasa na yanka, muka baza a kan rufin ajin Lahadi, abin da ya ruɓe aka ba mai aladu.

Kwamitin dattawa ya zauna a kaina mako guda bayan Ista. Ma'aji ta karanta lissafi tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da ta kai ƙarshe ta ce saura abu ɗaya: ɗan dakon da ya sauke kwando 20 a daren Asabar ba a biya shi ba, Malam ya ce masa aikin Ubangiji ne, ladansa na sama. Ɗakin ya yi tsit. Fasto ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

A daren ne na zauna na karanta ƙasidar Kuapa Kokoo har ƙarshe, don a da shafin farko kawai na karanta na hau wa'azi. Ashe abin da ya fara jawo manoma cikinta sikeli ne. A kowane ƙauye su ke zaɓen mai awo daga cikinsu, kuma kowa na da ikon duba sikelin ya tabbatar ba a taɓa shi ba. Ƙungiya ce da mai saye tsayayye da ke dawowa kowace kaka, ba wani malami da ya zo sau ɗaya da a-kori-kura ya ɗauki hoto ba. Na nuna wa abokin aikina shafin, ya ce ai ya gaya mini tun a aji, mudu ne maganar.

An yanke za a riƙa cire giɓin daga albashina wata huɗu, yanzu saura ɗaya. Ɗan dako na neme shi a tasha na biya shi, ya ƙirga sau biyu a gabana. Ganguna sai baɗi. Wurin Iya kuwa mun koma ciniki, don ta ce saye ba taya kamar tuwo ba miya ne, sai dai yanzu in ta ce albarka karo na biyu nakan biya, kuma na daina cewa daddawarta ba ta ƙamshi.

Kauɗar tumatirin ta fito buhu biyu, tana nan a ɗakin ajiyar majami'a, busasshiya, ba ƙasa ba tsakuwa. Ga damina ta yi nisa, ɗanye ya yi tsada. Duk mai bukata ya nemi ma'aji bayan sujada, ita ke riƙe da mudun. Kwamiti ya hana ni zuwa kusa da wurin.